Maƙwabtan majami'armu ba sa ƙinmu, sun dai manta da mu

'Yan'uwa, ina neman shawararku. Ni dattijo ne a wata ƙaramar ikilisiya, an ɗora mini aikin ƙulla zumunci da maƙwabtanmu. Ba gaba suke yi da mu ba, addini ne kawai ya fita daga lissafinsu. Ranar Lahadi muna shiga sujada, su suna wanke mota a ƙofar gida. Mu gaisa da fara'a, shi ke nan.

Mun raba takardun gayyata, washegari na ga wasu a kwandon shara. Sai muka buɗe wa yara darasin yamma kyauta. Wannan kam ya karɓu, har ranar da wani cikinmu ya rufe da addu'a. Iyaye uku suka janye 'ya'yansu, wata uwa ta dube ni ta ce, ashe tarko ne.

Maganar ta tsaya mini a rai, domin gaskiya muna fatan su shigo. To yaya za mu yi musu hidima ba tare da mun ɓoye bangaskiyarmu ba, kuma kada su ga kamar farautarsu muke yi? Mu faɗa tun farko, ko mu jira sai an tambaya? Wanda ikilisiyarsu ta taɓa fuskantar haka, don Allah yaya kuka yi?