Yaro ɗan shekara 3 da maganar "gobe"

Maman Nana, Tawa:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga malaman ƙananan yara. In aka ce wa ɗan shekara 3 "gobe Lahadi za a kai ka kasuwa", nan take sai ya ɗauko takalmi, in an hana shi ya fashe da kuka. Taurin kai ne, ko hankalinsa ne bai kai ba? Me uwa za ta yi?

Malama Rabi, Yamai:
Wa alaikumus salam, Maman Nana. Ba taurin kai ba ne. Bakinsa ya iya faɗin "gobe", amma bai san tsawonta ba tukuna. Tsakanin shekara 3 zuwa 5 ne yaro ke fara hango kansa a lokacin da bai zo ba. Thomas Suddendorf na Jami'ar Queensland a Ostareliya ya gwada wannan: a nuna wa yaro akwati a kulle, a kai shi wani ɗaki ya yi minti 15, sannan a ba shi abubuwa ya zaɓi ɗaya da zai koma da shi. Ƴan shekara 4 sun fi ɗaukar makullin da ya dace, ƴan 3 kuwa canki-canka suka yi. Da abin da yaro ya tuna yake gina abin da zai zo, shi ya sa tuna jiya da shirin gobe suke girma tare.

Malam Sani, Tawa:
Hajiya, ku bar auna masa lokaci da sunan rana. Ku jera masa abubuwan da ya sani: "In mun yi barci mun tashi, ka sha koko, sannan kasuwa." In kwana 3 ne, a sa dabino 3 a kwano, kowace safiya ya ci ɗaya. Da dare a tambaye shi me ya yi yau, me zai yi in gari ya waye, a bar shi ya zaɓi abin da za a riƙe: "Za a yi rana, me za mu ɗauka?" Amma kar a yi tambayar yana jin yunwa ko ƙishi. Masu bincike Cristina Atance da Andrew Meltzoff sun ba yara biskit mai gishiri har ƙishi ya kama su, da aka tambaye su abin da za su so gobe, ruwa suka fi zaɓa. Halin da jiki ke ciki yanzu yana rufe masa gaba.

Malama Rabi:
Gaskiya ne, Malam. Abin da ya fi damuna shi ne "gobe" ɗin da manya ke faɗi don a kashe kuka kawai. A wani gwaji a Jami'ar Rochester ta Amurka, an ba yara alewa ɗaya aka ce in sun jira ba su ci ba za a ƙara musu: yaran da aka cika wa wani alkawari tun da farko sun jira alewa ta biyu wajen minti 12, waɗanda aka saɓa wa kuwa wajen minti 3. Maman Nana, in ba ku da tabbacin zuwa kasuwar, kar ku ambata masa ita sai ranar da safe.