Ina zan kai maƙalata a kan gajiyar ma'aikatan hasumiyar filin jirgin sama?

Ɗalibar Jos: Assalamu alaikum. Ina karatun digirin digirgir a fannin nazarin halayyar ɗan Adam, kuma na kammala bincike a kan ƙarancin barci a tsakanin masu ba jirage umarnin sauka da tashi da dare. Sai na wallafa maƙala kafin in kare kundina, saura wata 7. In aika wa International Journal of Aerospace Psychology in jira, ko in miƙa wa mujallar cikin gida?

Tsohon matuƙi: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki fara da haɗarin Tenerife na 1977, inda jiragen KLM da Pan Am suka yi karo a kan titin tashi, mutum 583 suka mutu, alhali injinan lafiya lau suke. Rashin fahimtar magana ta rediyo ne ya jawo.

Malamin Gwagwalada: Malama, ni dai na ɗanɗana kuɗata. Wata mujalla ta aiko mini da imel cike da kirari, ta karɓi maƙalata a cikin kwana 4 ba tare da gyara ko waƙafi ba, na sayar da ragon layya na cika dala 150. Da na kai takarduna gaban kwamitin ƙarin girma, aka duba Scopus, rumbun da ke lissafa mujallun ilimi da aka tantance, babu ita, aka ja mata jan biro a gabana. Na nemi janye aikin, suka ce sai na sake biya, kuma mujallar kirki ba ta karɓar abin da aka riga aka buga. Aikin shekara biyu ya bi ruwa.

Hajiya Dakta: Allah ya mayar da alheri. Ni wata mujalla ta nemi dala 3,000 a wurina kafin ta buga maƙalata.

Farfesa a Bukuru: Wannan kuɗin buɗe maƙala ne domin kowa ya karanta kyauta, kuma a mujallu da yawa ba dole ba ne. Idan ɗalibar ta zaɓi a bar wa masu biyan kuɗin karanta mujallar, sisi ba za ta biya ba, sai dai jiran masu tantancewa.

Tsohon matuƙi: Ranka ya daɗe, mu da muka yi horo a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya ne muka san gajiya, ba masu tantancewar da ba su taɓa kwana a hasumiya ba.

Farfesa a Bukuru: Kyaftin, ba kai za ka sa hannu a kundinta ba.

Malamin Gwagwalada: Kafin su amsa mata, ita ma ta isa a yi nazarin rashin barcinta.

Hajiya Dakta: Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne samun bayanai. Na raba takardun tambayoyi 80 a Abuja, 11 suka dawo, domin kowa yana tsoron amincewa da gyangyaɗi a bakin aiki ya taɓa lasisinsa. 'Yar'uwa, ke ta yaya kika shawo kansu?