"Wargi wuri yaka yi": ina ta dosa?

Bakatsiniya: Salamu alaikum. Karin maganar nan ina jin ana ba ta ma'ana biyu. Wasu na cewa wasa yana da muhallinsa, wasu kuma na cewa sai an ga fuska ake yi wa mutum wargi. Malamai, wacce ce daidai?

Basakkwace: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni ta biyun na riƙe. Wargi wasa ne na tsokana da rawar kai, kuma sai ya samu fili yake yaɗo, shi ya sa wasu ke cewa "wargi ma wuri yake samu". Ana faɗinta in yaro mai ƙiriniya ya je gaban wanda ba ya sakar masa fuska, sai ka ga ya nutsu tsit. Masu kiwo sun san wannan sarai: ɗan rago in ana tura masa goshi da tafin hannu tun yana ƙarami, sabawa yake yi. Ranar da ƙaho ya yi ƙwari sai wasan ya koma tunkuyi, kuma yaran gida zai fara kayarwa. Laifin na wanda ya ba shi wuri ne.

Ɗan Maraɗi: Malam, ban ƙi taka ba, amma kada a yar da ta farko. Dubi wasan taubasai. Tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ake yin sa, wato 'ya'yan wa da ƙanwa. 'Ya'yan maza biyu ba sa yi. Haka jika da kaka, Fulani da Barebari, Kanawa da Zazzagawa, Gobirawa da Yarbawa. Bafulatani ya ce wa Babarbare "bawana", dariya za a yi. Ya faɗa wa wanda ba abokin wasansa ba, sai an kai ga rabon faɗa. A Nijar abin ya kai har UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin al'adun da ake tattali a 2014.

Bakatsiniya: To ai misalinka ma bayan Malam ya bi. Al'ada ce ta ba taubashi wurin.

Basakkwace: Haka ne, Hajiya. Abin kiyayewa ɗaya: ba a jefa wa babba wannan karin magana a gaban jama'a, don daidai take da ce masa shi ya jawo wa kansa raini.