Ruwan sanholo yana daskare mini kafin tukunya ta cika

Maƙerin Ringim:
Assalamu alaikum. Zubin tukwanen sanholo nake yi a ƙauyenmu kusa da Ringim, sana'ar gado ce. Tun shigowar hunturu manyan tukwane uku suka lalace mini, ruwan ƙarfen ya daskare bai kai bakin tukunya ba. Ɗana da ke karatu a Dutse ya ce wai narkakken ƙarfe yakan wuce lokacin daskarewarsa yana nan ruwa, sai kuma ya sandare kafin ƙiftawar ido. Abin da ke samuna ke nan? Ga gawayi ya yi tsada, asarar ta ishe ni.

Malamin Kimiyya, Gezawa:
Wa alaikumus salam, Baba. Yaron ya faɗi gaskiya. Sanholo zalla a digiri 660 yake daskarewa, amma sai ya samu wurin kamawa, ko ɗan datti ko jikin mazubi. In babu, sai ya zarce yana ruwa. Ka taɓa ganin an ciro ruwan gora daga firiza, ana girgiza shi ya koma ƙanƙara nan take? To, haka ne.

Wani masanin kimiyya, David Turnbull, ya nuna wannan a Amurka a 1950 da ƙananan ɗigon ƙarfe. Yanzu har rataye ɗigon narkakken ƙarfen nikel ake yi a iska da maganaɗisu don kada ya taɓa komai, zafinsa ya sauka fiye da digiri 200 ƙasa da inda ya saba daskarewa, amma bai daskare ba. Da ya kama, daskarewar tana gudun mita gommai a daƙiƙa ɗaya, har ɗigon ya sake yin haske saboda zafin da ya fitar. Wannan wurin yana burge ni ƙwarai.

Sai dai naka daban ne, Baba. Gwangwanaye da tsofaffin fistin ka narka, kuma ruwan yana taɓa ƙasar zubi. Wurin kamawa ya yi masa yawa, da ƙyar zai zarce da 'yan digiri.

Mai Zubi, Haɗeja:
Yaya, iskar hunturu ce ke shanye maka zafi tsakanin wuta da wurin zubi. Babbar tukunya jikinta siriri, tafiyar ruwan kuma da nisa. Ka ƙara masa wuta bayan ya narke, ka kwashe dattin sama, ka sa zana ta tare iska, ka zuba a tashi ɗaya ba tsayawa. Ƙasar kuma kada ta jiƙe da yawa, tururi ne zai tare ruwan, yana ma iya fantsamo maka.

Maƙerin Ringim:
Allah ya saka da alheri. Lallai da sassafe nake zubawa, a fili kuma. Gobe zan bari sai hantsi, in matso da ƙasar kusa da wuta.