Dan Allah a taimaka, Home Assistant ya ƙi karɓar saitin famfon borehol ɗina

Mai_Sola:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu kenan da na sa Home Assistant, manhajar sarrafa kayan wutar gida, a kan 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4, yana kan inbata don haka ko an ɗauke wuta ba ya mutuwa, fitilun waje da fankar falo duk ta cikin manhajar na haɗa su kuma lafiya lau suke aiki. Matsala ta fara ne da na zo kan famfon borehol. So nake duk sanda aka kawo wuta famfon ya tashi da kansa ya cika tanki, don mu a unguwarmu tsakar dare ake kawo ta kowa na barci, a wayi gari tanki ƙaf, yara su makara makaranta, maiɗakina kuma sai ta aika a nemo 'yan garuwa. Na ga saitin wani a intanet na kwafa na zuba a automations.yaml, fayil ɗin da ake rubuta automation, wato umarnin da ke aiki da kansa, na canza sunaye a laptop, ga shi:

```
- alias: Kunna famfo
  triggers:
    - trigger: state
      entity_id: binary_sensor.wutar_layi
      to: on
  actions:
    - action: switch.turn_on
      target:
        entity_id: switch.famfo
```

Yanzu sai ja yake nuna min, found character '\t' that cannot start any token, layi na 14 na fayil ɗin. Na ƙura wa layin ido har na gaji wlh ban ga komai ba. Kuma tsoron restart nake kar fitilun ma su tsaya.

Injiniya_Zariya:
Wa alaikumussalam. Ba za ka gani da ido ba ɗan uwa, wannan '\t' ɗin Tab ne. Ka danna maɓallin Tab lokacin da kake matsar da layin ciki, shi kuma YAML, tsarin rubutun da fayil ɗin ke bi, sam ba ya yarda da Tab a farkon layi, sai space kawai, kuma al'ada bibbiyu ake yi duk mataki. Je farkon layi na 14 ka goge duk filin da ke gabansa ka sake yi da space, ka ƙirga su daidai da na layin da suke sahu ɗaya.

Amma ko ka gyara wannan akwai wata a gaba, to: on ɗin nan. YAML ɗin da Home Assistant ke karantawa idan ya ga on ko off ko yes ko no tsirara haka, ɗaukarsu yake a matsayin true da false, ba kalma ba, alhali shi trigger ɗin, wato abin da ke tayar da automation, kalmar yake jira. Sa mata alama haka: to: "on". Wannan ta kama kusan duk wanda na sani da ya fara rubuta fayil da hannu.

Batun restart kuma kwantar da hankalinka, ba ka ma buƙatarsa. Shiga Developer tools, ɓangaren YAML, danna Check configuration tukuna, sannan a ƙasa ka sake loda Automations kaɗai, sauran gidan ba abin da zai taɓa shi.

Hajiya_ESP:
Ƙari a kan abin da Injiniya ya faɗa. Ka daina gyara a Notepad, sa File editor ko Studio Code Server a cikin Home Assistant ɗin, suna nuna kuskure tun kana rubutu. Sannan idan ka ci karo da tsofaffin misalai masu platform: state da service: kada ka rikice, a 2024 aka canza sunayen zuwa trigger: da action:, tsohon salon har yanzu yana aiki, ni dai ɗaya nake riƙewa a fayil don in na dawo bayan wata shida in gane abin da na rubuta.

Abin da ya fi ƙona min rai ni shi ne bayanan da nake rubuta wa kaina bayan alamar #. Na cika automations.yaml da su, da Hausa, wane relay (makunnin da manhajar ke sarrafawa) ne na wane ɗaki da dalilin da ya sa na sa minti kaza, rana ɗaya na gyara automation guda ta cikin manhajar na danna save, duk suka tafi, don manhajar sake rubuta fayil ɗin take gaba ɗaya. Tun daga nan na raba, a configuration.yaml na ƙara layi ɗaya, automation nawa: !include nawa.yaml, waɗanda na rubuta da hannuna suna can cikin nawa.yaml manhajar ba ta taɓa su.

Mai_Sola:
Allah ya saka da alheri, Tab ɗin ne kuwa, har guda biyu na samu. Na sa alamar a "on" ya karɓa, na gwada da rana famfo ya tashi. Hajiya na gode, yau zan raba fayil ɗin.

Baba_Wayarin:
Mai Sola tsaya tukuna kafin ka bar shi ya kwana haka. Ni ban ƙware a fayilolinku ba amma shekaruna da yawa ina aikin wuta, kuma abin da ka rubuta ya san kunnawa bai san kashewa ba. Wa zai tsayar da shi in tanki ya cika ƙarfe uku na dare? Sannan wutar da aka kawo yanzu-yanzu sau tari ba ta zauna ba, ta zo ta koma ta dawo, kowane zuwa famfon zai yunƙura, haka kwayil ɗin famfon ke ƙonewa. Me ka ɗora famfon a kai ma? In ɗan ƙaramin relay ne irin mai 10A ɗin nan kar ka dogara da lambar da ke jikinsa, famfo mai ƙarfin doki ɗaya (1HP) lokacin tashi yana jan ninkin abin da yake ja in yana gudu sau da yawa, bakin relay ɗin na iya mannewa ya ƙi saki ko ka ba shi umarni. Sa kwantakta, wato babban makunni mai iya ɗaukar nauyin famfo, relay ɗin ya riƙa kunna kwantakta kawai, kuma ka sa fulot, makunnin da ke yawo a kan ruwa, a tanki a jere da kwayil ɗin kwantaktan, ta yadda ko Raspberry ɗin ya sume ruwa na cika zai yanke.

Injiniya_Zariya:
Gaskiyar Baba ce, ni hankalina ya tafi kan rubutun na manta da famfon. Mai Sola ƙara wannan a ƙarƙashin to: "on", sahu ɗaya da shi:

```
      for:
        minutes: 5
```

Sai wutar ta tsaya minti 5 cur kafin ya kunna, in ta ƙifta ƙirgar ta koma farko. Ka kuma yi automation na biyu da zai kashe famfo in ya wuce lokacin da tankinka ya saba cika, amma ka sani ƙirgar for ɗin nan gogewa take in Home Assistant ya yi restart, shi ya sa fulot ɗin Baba ya zama dole. Kuma ɗauki backup ka sauke shi a laptop kafin ka taɓa configuration.yaml.

Mai_Sola:
Baba ka yi daidai, kai tsaye na ɗora shi a kan ƙaramin relay, ban san haɗarin ba. Na kashe automation ɗin yanzu. Gobe in sha Allah zan shiga kasuwa in nemo kwantakta da fulot, famfon doki ɗaya ne, mai amfiya nawa zan ce a ba ni?