Ƙanena ya daina zuwa fili tun da abokan horonsa suka yi masa dariya

Yayan ɗan kokowa, Tawa: Assalamu alaikum. Ƙanena yana kokowa, kuma a unguwa ba mai kai bayansa ƙasa. A wasan zaɓen waɗanda za su wakilci gari aka yi masa kaye, abokan horonsa suka kwashe da dariya tun bai tashi ba. Tun ranar ko guru bai sake ɗaurawa ba. Ya ce ba kayen ne ya ƙona masa rai ba. Me zan yi masa?

Tsohon ɗan kokowa: Wa alaikumus salam, ɗana. Yaron ya faɗi gaskiya. Idan ka faɗi, kunnenka ba ya jin ganga, ba ya jin ihun jama'a, idonka na kan naku. Wanda ya fara rugowa ya kama hannunka, ya kakkaɓe maka rairayi a baya, shi ke mayar maka da zuciya.

Waɗannan yara ba su san kokowa ba tukuna. A gasar takobi, babbar gasar kokowa ta ƙasar Nijar, wadda aka fara nan Tawa a 1975, kowace jiha cikin takwas na kawo mutum goma. Wanda aka kayar ya fita daga neman takobi, amma bai gama aiki ba: gobe zai sake shiga karawar jiha da jiha, kuma in ya kayar da wani gwani da bai faɗi ba, ya share wa ɗan jiharsu hanya. To wanda ka yi wa dariya jiya, da wace zuciya zai yi maka wannan? Na sha ganin wanda ya faɗi ranar farko ya zama shi ke riƙe wa na gaba ruwa, yana raɗa masa ƙafar da abokin karawa ke jingina a kai.

Wata uwa daga Yamai: Baba ya gama magana. Ni dai kada ku yi ta lallashinsa a gida, namu yabon ba ya shigarsa, ya san ƙauna ce. Na sa'o'insa yake jira.

Yayan ɗan kokowa, Tawa: Baba, in je in sami mai horar da su ke nan?

Tsohon ɗan kokowa: A'a, babban cikinsu za ka nema, wanda suke jin maganarsa. Shi ya zo har ƙofar gida bayan la'asar ya kira shi fili.