Neman shawara: wane littafi zan riƙe a dogon hutun nan?

Maman Sadik, Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba mu dogon hutu, sai Satumba za a koma, ga damina ta zauna, yawo ya ragu. Ina so in yi karatu na kaina, ba na shirya darasi ba. Abu huɗu nake nema. Na farko labari mai tushe a tarihi, amma mai jan rai, don ni busasshen littafi barci yake sa ni. Sai na shugabanci, saboda idan an dawo ni za a danƙa wa makarantarmu, kuma cikin malaman akwai waɗanda suka girme ni, ɗaya ma shi ya koyar da ni lissafi. Sai siyasa: na gaji da gyaɗa kai idan ana musun NEPU da NPC, tsofaffin jam'iyyun Arewa, ta Malam Aminu Kano da ta Sardauna. Na ƙarshe tarbiyya, babban ɗana ya shiga shekara 13, hira ta fara yi mana wuya, komai na tambaya sai "ba komai". Ina karanta Hausa da Turanci, Larabci sai da fassara. Kuɗina na littafi huɗu ne ko biyar, don Allah kar a jibgo mini talatin.

Malam Habibu, Zariya:
Wa alaikumus salam Malama, Allah ya taya ki riƙo. Ki koma wa Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Na san za ki ce kin karanta a sakandare, amma wancan karatun cin jarrabawa ne. Ya rubuta shi yana matashin malamin makaranta a Bauchi, don gasar rubutun Hausa da Bature Rupert East ya shirya a 1933, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Siriri ne, yini biyu ya ishe ki. Muna yara hankalinmu na kan Umar, yadda aka sace shi, aka bi da shi Kano, Balarabe ya ƙetare sahara da shi. Yanzu da kike uwa, uwarsa za ki bi. Ta bar yaro a hannun ƙawarta ta je sallamar iyayenta a Fatika, ta dawo babu shi, ta fita nema har ita ma aka mayar da ita baiwa. Ba zan tuna miki ƙarshen ba. Sannan ki tsaya a kan Makau, mijin uwar, wanda 'yan uwansa fadawa suka ƙulla wa sharri a kan bayin da aka kamo a hari, sarki ya hau kai ya zauna, aka kore shi daga gari. Duk wanda zai zauna kujerar da ake kawo wa tsegumi ya kamata ya karanta wurin nan a tsanake.

Isufu, Maraɗi:
Anti, mu nan namu shi ne Sarraounia na Abdoulaye Mamani, 1980. Labarin Sarauniyar Lugu ne, a yankin Dogon Dutsi, wadda ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, bayan sun taho suna ƙona garuruwa. Marubucin ya ƙawata, ba duk abin da ke ciki ne tarihi ba, amma faɗan an yi shi. Matsalar kawai da Faransanci yake. In kin samu fim ɗin da Med Hondo ya yi a 1986, ki kalla da yaran.

Hajiya Ladi, Kumasi:
Isufu, ta ce Hausa da Turanci, kai kuma ka kawo mata Faransanci! Ƙanwata, ki nemi The Hundred Wells of Salaga na Ayesha Harruna Attah, 2018. Salaga ita ce babbar kasuwar Gwanja da fatakenmu ke zuwa sayen goro, kuma kasuwar bayi ce, wannan ɓangaren ne ba mu cika son faɗa ba. Mata biyu ne a labarin, ɗaya 'yar sarauta, ɗaya an kamo ta. Yaƙin basasar 1892 da ke ciki shi ya watsa Hausawan Salaga, har Alhaji Umaru, mashahurin malamin nan haifaffen Kano, ya koma Kete Karachi. Da yawa cikin mu 'yan zango kakanninmu ta nan suka biyo. Sai dai akwai wuraren da na manya ne, kar ki bar shi a falo.

Abba:
Na shugabanci ai ba sai an wahala ba Anti, The 7 Habits of Highly Effective People na Stephen Covey. Ko a bakin titi za ki samu.

Baba Liman, Katsina:
Abba, littafin nan ba laifi, zai koya mata tsara lokacinta. Amma damuwarta daban ce: yaya za ta ce wa malaminta "Malam, ka makara" ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba? Covey bai san wannan ba.

'Yata, namu na gida gajeru ne kuma an fassara su. Akwai wasiƙar da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Babi takwas ce, an fitar da ita da Turanci a 1932 da sunan The Obligations of Princes. Abin da yake ta nanatawa shi ne, tushen kowace masifa shugaba ya ɓuya wa talakawansa. A makaranta wannan na nufin kar ki shige ofis ki rufe ƙofa, labari ya riƙa zuwa miki ta bakin mutum ɗaya. Ki fito harabar da safe, ki zauna ɗakin malamai, ki ji da kunnenki. Sai Usulus Siyasa na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rubuta wa Ummarun Dallaje na nan Katsina. Ƙa'idoji bakwai ne, a ciki har da cewa kada mutum ya yi kwaɗayin mulki, ya kusanci masu ilimi, ya kula da abin da jama'a za su ci. Shi kuwa tsohon malaminki, ki je har gida ki gaishe shi kafin a koma, ki ce kin zo neman shawara. Wannan ba a littafi na gani ba.

Kwamared Nura, Kano:
Siyasa dai African Revolutionary na Alan Feinstein, 1973, tarihin Malam Aminu Kano. Nan za ki ga abin da talaka ya sha a hannun 'yan doka da alƙalan En'e.

Alhaji Bello, Sakkwato:
Kwamared, ka ba ta rabin labari. Malama, ki haɗa da My Life na Sardauna, 1962. Ki ji dalilinsa daga bakinsa: yana ganin in aka rushe sarauta da gaggawa, alhali Arewa ba ta da isassun 'yan boko, wasu ne za su zo su riƙe mana ofisoshi.

Kwamared Nura:
Ai kowa ya rubuta tarihin kansa ba zai ce ya yi zalunci ba, Alhaji.

Alhaji Bello:
Shi ma Feinstein abokin Malam ne, ba alƙali ba.

Dakta Zainab, Kaduna:
Ku biyun kun gama ba ta amsa ba ku sani ba: ta karanta duka, ɗaya bayan ɗaya. Kuma Maman Sadik, labarin a ƙofar gidanki ya faru. Sardauna ya zauna Gusau daga 1938 yana kula da gundumomin gabashin Sakkwato, a nan aka zarge shi da cin kuɗin jangali, aka yanke masa hukunci, ya ɗaukaka ƙara a Zariya aka wanke shi. Malam Aminu kuma yana koyarwa a kwalejin horon malamai ta Maru lokacin da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, shi ya sa ba ya cikin mutum takwas ɗin farko, sai 1953 ya zama shugabanta. Duka biyun malaman makaranta ne tun asali, kamar ke. Babban littafin John Paden kan Sardauna, na 1986, ki bar shi sai wani hutun, kaurinsa kamar bulo.

Kan tarbiyya ga nawa ra'ayin. How to Talk So Kids Will Listen and Listen So Kids Will Talk, na Faber da Mazlish, 1980, yana da amfani ƙwarai. Gidajen Amurka aka rubuta wa, wasu misalan za su ba ki dariya, amma dabarar tana aiki: ki faɗi abin da kika gani, kar ki laƙaba wa yaro suna. Maimakon "kai malalaci ne", ki ce "ga kwanonka nan tun safe", ki yi shiru. Shirun ne mai wuya.

Amma wanda ya fi buɗe mini ido Baba of Karo ne, labarin wata tsohuwa Bahaushiya da Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau, ya fito a 1954. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi riƙon 'ya'ya da yawa. Tana bayanin kunyar ɗan fari, yadda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta sakewa da shi. To amma yaron bai rasa abokin hira ba, ga kaka, ga goggo, ga kawu, wani lokaci ma a hannunsu zai tashi. Mu yanzu mun koma gidan haya daga mu sai 'ya'yanmu, mun taho da sauran kunyar, mun baro kakannin a ƙauye. Yaro ɗan 13 da ba shi da wanda zai faɗa wa magana sai waya, me kike so ya ce ban da "ba komai"? In yana da kawun da yake sakewa da shi, ki tura shi can ya yi sati biyu cikin hutun nan.

Maman Sadik:
Kai, Allah ya saka da alheri, Baba na gode, zan je gaisuwar. Na tsayar da Shaihu Umar, My Life, na Feinstein, da Baba of Karo. Na Magili in an samu. Hajiya, Salaga sai albashin wata mai zuwa. A ina zan same su?

Malam Habibu:
Shaihu Umar na kamfanin buga littattafai na NNPC ne na nan Zariya, duk mai sayar da littattafan makaranta zai iya samo miki. Na Magili da na Bello ki sa a tambayo masu littattafan addini a Kasuwar Kurmi. Na Feinstein ne zai ba ki wahala, ya daɗe da ƙarewa a kasuwa, sai dai laburaren jami'a ko hannun tsofaffin 'yan PRP, jam'iyyar Malam Aminu ta baya-bayan. Kwamared, kai da ka kawo maganar, ka ba ta aron naka mana.

Kwamared Nura:
Zan bayar, amma wallahi da sharaɗi. Nawa na farko aro aka yi, har yau. Ki turo wanda zai karɓa a tashar motar Gusau ranar Asabar, kuma a dawo mini da shi kafin a koma makaranta.